Hayaƙin Asabar da Lahadi

A wurin aiki Dakta ake ce mata, a gida kuwa Auta, duk da ta haura shekara talatin da biyar. Aikinta auna iska. Cibiyar binciken da take yi wa aiki ta kafa na'urori goma sha biyu a unguwannin gari, kowace da ɗan injin da ke zuƙo iska ya bi da ita ta cikin wata farar takarda mai zagaye, faɗinta bai wuce gindin kofin shayi ba. Duk abin da mutum zai shaƙa a ranar, takardar ce ke riƙe shi. Na'urar kan sauya takarda da kanta kowace safiya, ranar Litinin a zagaya a kwaso na mako guda a kai wa Baba Sikeli.

Baba Sikeli ya shekara talatin a ɗakin awo. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, kuma ba a magana kusa da ma'aunin saboda numfashin mutum ma yana motsa lambar. Da hantsaki yake ɗaukar takardun ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa yarda wani ya taya shi ba.

Wata Talata da hantsi ya leƙo ofishinta, safar hannunsa ma bai cire ba.

"Dakta, zo ki ga matata ta bakwai. Ta fara ba ni ciwon kai."

Tsohon barkwancinsa ne. Na'urorin nan matata yake kiran kowace, yakan ce shi kaɗai ne a garin yake da mata goma sha biyu kuma ba a kai shi gaban alƙali ba. Amma yau bai tsaya jiran dariya ba.

Ya jera takardun na'ura ta bakwai a kan tebur, layi takwas, kowane layi mako guda. Biyar na farko a kowane layi launin toka ne mai haske, irin na ko'ina a garin, in ban da wata Laraba guda. Biyun ƙarshe kuwa, Asabar da Lahadi, sun yi duhu, har suka zama kamar an ja zane da gawayi daga saman tebur zuwa ƙasa.

"Da na ce ko shara suke ƙonawa a ƙarshen mako," in ji shi. "Sai na aika guda shida ɗakin sinadarai. Ga abin da ya dawo."

Ta karɓi takardar sakamakon. Dalma ce. A ranakun mako tana nan kaɗan, amma ranar Asabar da Lahadi ta ninka abin da doka ta yarda da shi sau tara, wata ranar sau goma sha ɗaya.

"Baba, ba a wajenmu ta gurɓata ba? Ko hantsakin, ko robar da ake zubo su?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Na haɗa da sababbi uku da ba su taɓa fita daga ɗakin nan ba. Fes suka dawo. Na sa an maimaita, haka ya sake fitowa." Ya gyara wata takarda da ba ta karkace ba. "Lamba bakwai ɗin nan, ba gidanku ba ne?"

Gidan yayanta ne. Ita ta zaɓi wurin da kanta, don akwai wutar lantarki kuma ba mai hawa ya kwance injin ya sayar. A jikin ƙarfen tankin ruwa ta ɗaure na'urar. A nan mahaifiyarsu, Inna, take zaune, da matar Yaya mai cikin wata shida, da 'yarsu Ummi mai shekara huɗu, wadda aka sa wa sunan Inna. Tafiyar minti goma daga ƙofar gidan akwai kamfanin da ke fasa tsofaffin batura yana narka dalmar cikinsu. A can Yaya yake aiki shekara goma sha biyu, kuma yanzu shi ne mai kula da murhun narkawar. Tun tana firamare mahaifinsu ya rasu. Yaya ya ajiye karatu ya shiga dako, ya yi gareji, ya yi gadi, ita kuwa ba ta taɓa fashin makaranta ko na zango ɗaya ba.

Ta ɗauki sakamakon ta hau sama wurin Farfesa, shugaban sashensu. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Na'ura ɗaya, mako takwas," ya ce. "Kin san da kanki abin da za a ce mana."

"Sau tara fa, Farfesa."

"Na gani. Amma daga ina? Akwai masu walda a layin, akwai masu fenti, akwai wanda zai iya narka batir a bayan gidansa. In muka nuna kamfanin da yatsa yau, gobe su kawo nasu masanin ya sami rami ɗaya a aikinmu, shi ke nan, ko gaskiya muka kawo daga baya ba mai saurarenmu. Na ga an yi haka, kuma ni aka yi wa." Ya miƙa mata takardar. "Ki ciro na'ura ta uku ki kai ɗaya gefen kamfanin. Ki kafa ma'aunin alƙiblar iska. Mu tara wata shida."

"Akwai mai ciki a gidan. Wata uku ya rage mata."

Ya mayar da tabaraunsa. Ba mugun mutum ba ne, ta sani, shi ya koya mata rabin abin da ta iya.

"Rahoto ba zai fita da sunan cibiya ba sai ya tsaya da ƙafarsa," ya ce a hankali. "Amma ban hana ki magana da 'yan gidanku ba."

Ranar Asabar bayan azahar ta tafi. Tun daga bakin layin ta ji wani ɗanɗano a harshenta kamar ta tsotsi makulli. Ta sha zuwa gidan a ƙarshen mako, ta sha jin haka, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ba, ita da aikinta ke nan. Wannan ya fi komai cin ranta yayin da take buga ƙofa.

Inna na zaune a baranda tana tsince shinkafa. "Ga likitar iska nan. Injinki ya hana ni barcin rana, zuuu, zuuu, kamar sauro ya yi ƙiba."

Auta ta gaishe ta, ta hau tsanin tankin ba tare da ta ajiye jaka ba. Daga can sama ana hango bututun kamfanin. Hayaƙin bai da yawa, fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa. Yana fita ya miƙe sama kamar zai tafi abinsa, sai iskar yamma ta karyo shi, ya kwanto a kan rufin gidaje, layi bayan layi, har ya iso inda take tsaye. Ta tsaya tana kallo har idanunta suka fara yaji.

Da ta sauko ta tarar da Maman Ummi a kan keken ɗinki a falo, taga a buɗe saboda zafi. Auta ta jiƙa auduga ta goge dakalin tagar, audugar ta fito baƙa, ta saka ta a leda ta rubuta kwanan wata.

"Ke kuma yau bincike ya iso ɗakina?" Maman Ummi ta tambaya tana dariya. "Da safe na goge wurin nan, wallahi. Ni ai tuni na daina shanya fararen kayan mutane ranar Asabar. Sai in sake wanki."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin cikin nan. Ya kusa shekara."

Ummi na kwance a kan tabarma da 'yar tsanarta, ba ta tashi ta rungume gwaggonta kamar da ba. Uwar ta ce kwana biyu haka take, ba ta son abinci, tana yawan cewa cikinta, ga saurin kuka. An ba ta maganin tsutsa har sau biyu.

Gab da magariba Yaya ya dawo da kayan aiki a jikinsa, shuɗin yadi da ya koma toka a gwiwa da ƙirji. Yana shigowa ya sunkuya ya ɗauki Ummi, ta kwantar da fuskarta a kafaɗarsa.

"Yaya, sauke ta."

Ya juyo. "Ba gaisuwa?"

"Don Allah ka sauke ta ka cire rigar nan tukuna."

Wani abu a muryarta ya sa ya yi yadda ta ce. Da ya yi wanka ya fito suka zauna a kan benci bayan gida, kusa da ƙafar tankin, injin na ta zuƙar iska a samansu. Ta nuna masa hoton takardun a wayarta, ta yi masa bayani da sauƙi yadda za ta iya: abin da dalma ke yi wa jinin yaro da ƙwaƙwalwarsa, da yadda take ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Tana jiran ya yi musu. Bai yi ba. Ya ƙara girman hoton da yatsu biyu, ta lura hannunsa na ɗan rawa.

"Asabar da Lahadi," ya ce.

"Ka san dalili?"

Ya ajiye wayar a kan bencin. Ya ce akwai wani ɗaki da hayaƙin murhu ke bi kafin ya shiga bututu, cike da dogayen buhuna masu kama ƙura. Buhunan sun tsufa, rabi sun toshe, rabi sun yage, an ce an yi odar sababbi tun bara. In hayaƙi ya bi ta cikinsu murhun ba ya ja, aikin awa shida sai ya ci goma. A ranakun mako haka ake lallaɓawa, saboda jami'an muhalli na iya faɗowa. Ranar Asabar da Lahadi kuwa akwai wata ƙofar ƙarfe da ake buɗewa hayaƙin ya zarce bututu kai tsaye, a cike giɓin mako.

"Wa ke buɗewa?"

Ya dube ta. "Wa ke kula da murhu?"

Ta zo da shirin faɗa da manaja, da kamfani, da wani mai ƙaton ciki da ba ta taɓa gani ba.

"Manaja ya ce bututun dogo ne, sama yake kai shi, ya wuce can bayan gari inda ba kowa," in ji Yaya. "Ni ma in na fito na ɗaga kai, sama nake ganin yana tafiya."

"Daga gindinsa kake kallo. Ka hau tankin nan gobe da la'asar ka gani."

Ya ɗaga kai ya dubi tankin. Daga cikin gida suna jin Inna tana lallashin Ummi ta ci ko loma uku.

"Auta, ki cire injin nan daga gidana."

"Yaya."

"In takardarku ta fita aka ce a gidan mai kula da murhu aka auna, me kike tsammani? Za a ce ni na kira ku. Mutum sittin ke ci a wurin nan, rabinsu a layin nan suke. Ki kai shi makaranta, ki kai shi gidan wani."

"In na cire yanzu, mako takwas ɗin sun tashi a banza. Sai a sake daga farko."

"To a sake."

"Ba zan cire ba."

Ba ta taɓa ce masa haka ba tun da aka haife ta. Ya miƙe, ya bi wayar da ta sauko daga tankin har zuwa bango, ya zare ta daga soket. Ƙarar injin ta mutu. Ya shige ciki ya bar ta a zaune.

Ranar Litinin da safe tana ofis wayarta ta yi ƙara. Maman Ummi ce.

"Na mayar da wayar injinki tun jiya da ya fita. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba." Ta rage murya. "Na ji abin da kuka tattauna, tagar bayi a buɗe take. Wannan gwajin jinin, a ina ake yi?"

"Ya sani?"

"Na ce masa awo zan je. Kuma zan je awon, ban yi ƙarya ba."

Suka haɗu a asibitin yara. Ummi ba ta yi kuka ba da aka soka mata allura, kallon bango kawai ta yi, wannan ya fi kukan tayar wa Auta hankali. Bayan kwana huɗu likitar ta kira su. Mace ce mai ƙaramar murya, ba ta kewaye-kewaye. Ta ce dalmar da ke jinin yarinyar ta ninka inda ake fara damuwa sau shida, ta uwar kuma sau uku. Za a fara ba Ummi magani, amma magani ba ya aiki in yaro yana komawa inda yake shaƙa.

"Za ta warke sarai?" uwar ta tambaya.

"Jinin zai sauka. Abin da ya riga ya taɓa, ba zan iya yi miki alkawari ba. Sai ta fara makaranta za mu fi gani. Akwai yara nawa a layinku?"

Maman Ummi ta fara ƙirgawa da yatsu, gida gida, ta kai ashirin da wani abu ta daina.

A ranar da yamma ta haɗa jaka biyu, ta kira mai a-daidaita aka ɗora keken ɗinkinta, ita da Ummi suka koma ɗaki biyun da Auta ke haya a ɗaya gefen gari. Takardar asibitin ta bar wa mijinta a kan matashi. Inna ta ƙi tafiya. Ta ce ita ta gama girma, ƙwaƙwalwar da dalma za ta ci ba ta da yawa, kuma wa zai dafa wa ɗanta. An yi an yi, ta ce a bar ta.

Yaya bai kira ba ranar, bai kira washegari ba. Inna ce ta ba da labari daga baya, cewa ya zauna da takardar a hannu har abincinsa ya huce, kuma da la'asar ɗin Lahadin da ta gabata ta gan shi a saman tanki, tsaye, ya daɗe.

Asabar ta zagayo. Ya je aiki, ya hura murhu, ya bar ƙofar ƙarfen a rufe. Da azahar manaja ya kira ya tambayi dalilin da aiki ke jan ƙafa. Yaya ya ce in ana so a buɗe, a rubuto masa a takarda a sa hannu. Manaja ya ce ya ba mataimakinsa waya. Mataimakin, wanda Yaya ne ya koya masa aiki kuma gidansa na bayan nasu, ya karɓi wayar, ya saurara, ya je ya buɗe ƙofar bai kalli kowa ba. Ranar Litinin aka mayar da Yaya filin fasa batura, aikin sababbin shiga. Takardun wannan makon da suka iso hannun Baba Sikeli, na Asabar ta ɗan yi haske, ta Lahadi baƙa ƙirin kamar kullum.

Auta ta kai wa Farfesa sakamakon jinin. Ya rubuta wa hukumar muhalli wasiƙa da hannunsa, ya ce binciken bai kammala ba amma abin da aka gani ya isa a duba. Jami'ai biyu suka je ranar Talata. Aka zagaya da su, hayaƙi na bi ta ɗakin buhuna, suka rubuta cewa akwai buƙatar gyara nan gaba, suka tafi. Auta ta karanta amsarsu a tsaye a kan matakala, ta zauna a wurin, masu wucewa suna raɓa ta.

Kwana tara bayan haka mai gadin cibiya ya kira ta ya ce wani na nemanta a ƙofa, ya ce shi yayanta ne. Bai taɓa zuwa wurin aikinta ba. Yana tsaye da fararen kaya na zuwa unguwa, da baƙar leda a hammata. Ya rame.

"Ina mai auna takardun?" ya tambaya. "Shi nake son gani."

Ta kai shi ɗakin awo. Baba Sikeli ya ba shi rigar leda da hula, ya ce a nan ko Farfesa sai ya saka. Yaya ya zaro wani littafi mai baƙin bango daga ledar, gefunansa sun naɗe. Ya ce tun ranar da aka fara ce masa ya buɗe ƙofar ba a rubuce ba, ya sayi littafin nan. Duk ranar da ya buɗe ya rubuta, da ƙarfe nawa ya buɗe, da ƙarfe nawa ya rufe, da wanda ya ba da umarni. Shi ma bai san me ya sa yake rubutawa ba, ya ce, hankalinsa ne dai bai kwanta ba. Wata goma sha ɗaya ne a ciki.

Baba Sikeli ya jero takardun, yana kiran kwanan wata Yaya na dubawa. Ranar da aka buɗe awa biyar, takarda ta yi duhu. Ranar da aka buɗe awa tara, ta fi duhu. Wata Laraba da Auta ta kasa gane dalilin baƙinta, ashe hutun ma'aikatan gwamnati ne, an buɗe. Sai wata Lahadi guda ta baya-bayan nan da littafi ya ce an buɗe awa takwas amma takardar fara ce. Auta ta duba bayanan iska a kwamfuta: ranar daga gabas ta yi ta kaɗawa har dare. Ta ciro takardar na'ura ta uku, wadda aka mayar ɗaya gefen kamfanin, ta wannan ranar. Baƙa ce.

Aka kira Farfesa ya sauko. Ya bi layukan da ido, ya buɗe littafin shafi shafi. Sannan ya juya ga Yaya.

"Malam, ka san in muka sa wannan a rahoto, ko ba mu faɗi sunanka ba an san rubutun wa ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma littafin yana cewa kai ka buɗe."

"Ni na buɗe ai."

Auta ta raka shi bakin titi. Ta ce ya zo ya ga Ummi, ta fara cin abinci. Ya ce zai zo. Ta ce shi ma ya kamata a gwada jininsa, rawar hannun nan da ciwon cikin da yake ɓoyewa ba gajiya ba ce. Ya ce ya ji. Motar haya ta tsaya, ya shiga, bai waiwayo ba.

Rahoton ya fita bayan mako uku. Wannan karon hukumar ta je ranar Lahadi, ba sanarwa, ta tarar da ƙofar ƙarfen a buɗe. Aka rufe murhun, aka sa kwado. A makon aka sallami Yaya, takardar sallamar ta ce ya karya ƙa'idar aiki ta hanyar buɗe ƙofar hayaƙi ba da izini ba. Sauran ma'aikata aka ce su zauna a gida sai an neme su. Layin ya juya wa gidan baya. Mai shagon da Inna ta shekara goma tana saye a wurinsa ya daina amsa gaisuwarta. Wata mata ta tare Auta a bakin famfo ta ce mata, da murya ƙasa ƙasa, su masu digiri in sun gama rubuce-rubucensu gidajensu suke komawa su kunna fanka, su kuma a bar su da yara da tukunya. Asibiti ya turo ma'aikata su gwada yaran unguwar kyauta, gida tara suka kawo nasu, sauran suka rufe ƙofa.

Bayan mako bakwai buhunan da aka ce ana jira tun bara suka iso cikin kwana huɗu. Aka like ƙofar ƙarfen da walda, aka buɗe kamfani, aka mayar da mutum arba'in da ɗaya. Dalmar da ke iska ta sauka ƙwarai, ko da yake ba ta kai inda Auta ke so ba. Farfesa ya ce a aikinsu wannan nasara ce, ya shekara talatin bai ga irinta sau uku ba. Ta ce haka ne.

Tun kafin a buɗe kamfanin Maman Ummi ta haihu a gidan Auta, namiji, ɗan ƙarami, kafin lokaci da mako uku. Aka ɗebi jininsa tun a ranar. Likitar ta ce akwai, ba kamar na yayarsa ba, za a riƙa dubawa. Yaya ya zo asibitin, ya wanke hannu har gwiwar hannu sau biyu kafin ya karɓe shi, duk da ya yi makonni rabonsa da taɓa batir. Shi da Auta suna gaisawa, yana tambayarta aiki tana tambayarsa jiki, maganar ba ta wuce nan.

Da aka fara zancen komawarsu gida, likitar ta ce a fara gwada ƙasar tsakar gidan. Auta ta ɗebi samfuri daga wuri shida. Sakamakon ya nuna abin da hayaƙin ya sauke cikin shekara yana nan kwance a saman ƙasa, ruwan sama bai tafi da shi ba, kuma ba zai tafi ba. Sai an kankare kamu ɗaya daga sama an zuba sabuwa.

Wata Asabar da sassafe ta zo da takunkumi da safar hannu da buhuna. Ta tarar Yaya ya riga ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya aro shebur biyu. Suka fara daga bakin ƙofa, shi yana sara tana riƙe bakin buhu, in hannunsa ya fara rawa su yi musanya. Inna na kallonsu ta taga, an hana ta fitowa, tana ta ba da umarnin da ba mai bi. Kafin azahar sun cika buhu talatin da huɗu, sun jingine su a bango, tsakar gidan ta koma ja kamar sabon fili.

Yaya ya sauke takunkuminsa ya sha ruwa. Ya dubi buhunan.

"To, ina ake kai su?"

Ta riga ta tambaya. Hukumar muhalli ta ce ba ta da wurin ajiye irin wannan, a tuntuɓi masu kwasar shara. Masu kwasar shara suka ce juji ɗaya suke da shi, kuma akwai gidaje a gefensa, akwai masu tsince-tsince a cikinsa. Kamfanin bai amsa wasiƙa ba. Ta gaya masa duk wannan.

Ya gyaɗa kai. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar tamfol, suka ja ta tare suka lulluɓe buhunan, suka danne gefunan da bulo. Ta katanga suna jin yaran maƙwabta suna wasa a tasu tsakar gidan, wani na cewa shi ne direba, sauran su biya kuɗin mota da ƙasa.

"Litinin zan sake rubuta wa kamfanin," in ji Auta.

"Ki rubuta," ya ce. Ya ɗauki shebur ɗin ya nufi famfo ya wanke kafin ya mayar wa mai shi.